Lambar da Yaya Ya Bari a Wasan Maciji

Wayar ƙarama ce, irin ta farko-farkon nan mai madannai, fuskarta kore-kore, rubutunta baƙi. An ɗaure bayanta da roba saboda murfin ya daina kamawa. Layin da ke cikinta ya daɗe da mutuwa, ba a kira da ita, ba a kiran kowa a kanta. Kawu ne ya ajiye ta a kan tabarma tsakanina da shi, wata la'asar a ƙauyen Durun, shekarar da na dawo daga hidimar ƙasa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma a wajen Kawu har yanzu akwai 'yan shanu a bayan gida. Fulatanci ya bar bakinmu tun kafin a haife ni, sai 'yan kalmomin da ake kiran saniya da su. Abin da bai bar mu ba shi ne kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yaba masa, ba ya nuna a gaban mutane cewa abinsa ya dame shi. Na san wannan tun ina yaro, kamar yadda na san hanyar rijiya. Ina faɗin haka ne don kada a ɗauka rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Wayar ta ɗan Kawu na fari ce, wanda nake kira Yaya. Ya girme ni da 'yan shekaru. Bai yi boko ba, shi ne ya riƙe shanu lokacin da aka kai mu makaranta a Gwarzo. Taubashina ne, don haka tsakaninmu ba a rasa tsiya. Yana kirana mai biro, ni kuma ina kiransa mai sanda. Ya rasu ina aji biyu a jami'a, bayan rashin lafiyar da ba ta kai mako biyu ba. Bai yi aure ba. An yi sadaka da tufafinsa, shanun suka koma hannun Kawu. Idan ban yi kuskure ba, hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe.

A ranar da nake magana, ina zaune ne a gindin darbejiyar ƙofar gida ina buga wani wasan tseren mota a wayata, irin mai hoto kamar fim. Kawu ya daɗe yana kallona ta gefen ido. Sai ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wannan wayar a naɗe cikin tsumma. Da kansa ya kunna ta, ya danna nan ya danna can ba tare da ya yi kuskure ba, alhali ba ya karatun boko. Ya tsaya a wani shafi, ya turo mini.

Shafin babbar lamba ne na wasan maciji. Wanda ya riƙe irin wayoyin nan ya san wasan. Wani baƙin layi ne yake tafiya a cikin akwati, kana juya shi da madannai huɗu, yana cin ɗigo. Duk ɗigon da ya ci sai ya ƙara tsawo, maki ya ƙaru. Idan ya daki bango ko ya ciji jikinsa, wasa ya ƙare. Wayar tana riƙe lamba ɗaya tak, ta wanda ya fi kowa ci. Lambar da ke shafin mai gida huɗu ce.

"Kai da ka karanta kwamfuta," in ji Kawu, "duba mana wannan. Yaron nan ne ya bar ta a ciki. Wannan wasan, abu ne mai wuya?"

Na ɗauki tambayar yadda ake ɗaukar tambayar jarrabawa. A shekarar ƙarshe a jami'a na yi wani kwas da aka koya mana yadda ake auna wasannin kwamfuta, kuma na ci shi da kyau, abin da bai faye faruwa da ni ba. Na gyara zama. Na ce masa, a gaskiya, idan za a duba da idon yanzu, wasan ba shi da wani abu sosai. Babu hoto, ɗigo ne kawai. Babu launi. Sautinsa ƙara ɗaya ce kamar ta gyare. Babu labari, babu inda za a ce an kai ƙarshe. Abu ɗaya ake maimaitawa daga farko har a mutu. Na ce ɗalibin aji ɗaya ma zai iya rubuta irinsa a rana guda, ko da yake, na ƙara, ya danganta da ɗalibin. Na nuna masa motocin da ke wayata, yadda ƙura take tashi a bayan taya, yadda rana take haskawa a jikin gilashi, don ya ga bambanci.

Kawu ya duba motocin cikin ladabi. Ya ce, "To."

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Amma ni mutum ne da ba ya son ya bar magana babu hujja. Na ce ba na son in yanke hukunci da baki kawai, sai na gwada. Na ce ina jin, mai yiwuwa, idan aka ba ni mako guda, zan iya wuce wannan lambar.

Kawu ya naɗe wayar cikin tsumman, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tafi da ita," ya ce.

Duk wanda ya taɓa buga wasan ya san cewa sabuwar lamba tana goge tsohuwa. Ni ma na sani. Da ɗalibi ya tambaye ni a aji, da na yi masa bayani har da zane a allo. Amma a ranar ban haɗa wannan sanin da lambar da ke aljihuna ba. Na hau babur zuwa Kabo, daga can na sami mota zuwa Gwarzo, ina ta lissafin yadda zan tsara gwajin.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta, ina kwana a ɗakin da ke zauren gidanmu. Na sami sabon littafin rubutu, na ja layuka. Hoto, sauti, labari, sauƙin sarrafawa, wahala. Na cike huɗun farko a zaman farko, ban canza komai daga abin da na faɗa wa Kawu ba. Gidan wahala na bar shi babu komai, sai na gwada. Na kuma yanke cewa ba zan taɓa saitin wasan ba. Na tarar da gudun macijin a matakin ƙarshe, wanda ya fi kowane sauri, na bar shi a haka, don gwajin ya yi adalci.

Ranar farko ban kai ko ina ba. Macijin yana gudu kamar an kore shi, kafin in yanke shawarar inda zan juya ya riga ya daki bango. A wasannin da na saba, idan ka yi kuskure ana ba ka wani rai, ko a mayar da kai inda ka tsaya, wani lokaci har a nuna maka kibiya. A nan babu wannan. Kuskure ɗaya, sai ka koma ɗigo uku kamar ba ka taɓa yin komai ba. Na rubuta a littafin cewa wannan nakasu ne a tsarin wasan, domin yana sa mai koyo ya karaya. Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a ciki, ko da ba duka ba.

Na lura da madannan. Lambobin biyu, huɗu, shida da takwas sun goge gaba ɗaya, robar ta yi santsi ta ɗan lotsa. Sauran kuwa suna nan kamar sababbi. Ban rubuta wannan ba, don bai shiga kowane gida ba.

Na riƙa bugawa a lokacin hutun tara, da bayan an tashi, da tsakanin azahar da la'asar. Rana ta uku na fara gane wani abu. Wasan yana canzawa ba tare da an canza komai a cikinsa ba. Da farko bango ne abin tsoro. Idan macijin ya yi tsawo sai bangon ya zama ba komai, jikinka ne ya cika akwatin, kuma kai ne ka tara shi da hannunka. Dole ka daina bin ɗigo kai tsaye. Sai ka riƙa tafiya layi-layi kamar mai huɗa, ka bar wa kanka hanyar komawa, ka haƙura ɗigon yana kusa da kai amma ka zagaya. Na tsaya na yi tunani ko wannan dabara ce ta waɗanda suka ƙirƙiri wasan, ko kuwa sa'a ce kawai ta faɗo musu saboda wayar ba ta iya ɗaukar abin da ya fi haka. Ban sami amsa ba. Na rubuta duka biyun, na sa alamar tambaya.

Rana ta huɗu babban yatsana ya fara ciwo, na koma bugawa da hannu biyu. Rana ta biyar na kai lamba mai gida huɗu a karon farko. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Na tashi na zagaya ɗakin. Wani malamin lissafi da muke zama tebur ɗaya ya ga wayar a hannuna a makaranta a ranar ya yi dariya, ya ce a ina na tono wannan gawar. Na ce bincike nake yi. Ya ce Allah ya ba da sa'a, idan na gama a kai ta gidan tarihi.

Rana ta shida Asabar ce, babu makaranta. Tun hantsi nake zaune a zaure. Wajen azahar na sami wani zagaye da komai ya tafi daidai. Macijin ya cika fiye da rabin akwatin, lambar tana hawa. Na dakatar da wasan don in share gumin tafin hannuna, na duba, na ga abin da ya rage tsakanina da lambar Yaya bai fi ɗigo ashirin da wani abu ba, idan lissafina daidai ne.

A daidai nan Kaka ta yi sallama. Mahaifiyar Kawu ce da mahaifiyata, a Durun take zaune, ta zo Gwarzo ne a duba mata gwiwa. Ta tsaya a bakin zaure tana dogara sanda, tana numfashi.

"Ƙaramin miji, ba ka taso ka karɓi kayan matarka ba? Haka aka koya muku a birni?"

Na tashi na karɓi ƙullin, na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gwiwa, da hanya, da mutanen gida, da shanu. Ta amsa duka tana kallon abin da ke kan tabarma.

"Wannan ba wayar babban mijina ba ce?"

Haka take kiran Yaya, don shi ne jikanta namiji na farko. Kaka ba ta da kunyar kowa a cikinmu. Na ce ita ce, Kawu ne ya ba ni in gwada wasan. Na ce ai na kusa ma kamo shi, saura kaɗan. Ina jin har da murmushi na faɗa.

Ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafar mai ciwo.

"Idan ka kamo shi, sai me?"

"Sai tawa ta hau."

"Tasa fa, ina za ta?"

"Gogewa take yi, Kaka. Wayar lamba ɗaya take iya riƙewa."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ta.

"Ikon Allah," in ji Kaka. "Shekara huɗu a jami'a, ɗaya a Kudu da kakin gwamnati. Da akuya muka tura, da yanzu ta haihu sau biyar."

"Ai shi ya ba ni da kansa. Ni ban roƙa ba."

"Me kake so ya ce? Ya ce a'a, kayan ɗana ne, kada a taɓa? A ƙofar gida, a bainar jama'a? Ɗan fari? Ai ko wuƙa ka ce ya ba ka ka yanka wayar, zai miƙo maka ne ya ce to."

Na ce ban yi tunani ba. Ta ce ai ta gani, ba sai na faɗa ba.

Daga nan ta ba ni labarin abin da ban sani ba, tana yi tana murza gwiwa. Duk ranar kasuwa Kawu da kansa yake kai batirin wajen mai caji a Kabo, ba ya aiken kowa. Idan aka tambaye shi me yake yi da wayar da ba ta kira, sai ya ce don agogon ciki yake ajiye ta.

"Agogon da ke cewa tsakar dare ana sallar azahar," in ji ta. "Ga kuma na hannunsa yana tafiya lafiya lau. Kowa a gidan ya sani, ba mai cewa komai."

Na tambaye ta ko ta taɓa ganin Yaya yana bugawa.

"Wa bai gani ba? A tsaye, a rana, sanda a kafaɗa, hannu ɗaya a kan sandar, ɗaya a kan wannan abin. Ido ɗaya a nan, ɗaya a kan shanu. Saniya ta nufi gonar mutane sai ya danna wani abu, ya yi mata tsawa, ta dawo, ya ci gaba. Na ce masa wata rana macijin nan zai fito ya sare ka. Ya ce idan ya fito zai kawo mini in yi miya."

Ta yi dariya ita kaɗai. Sai ta juyo.

"Kai kuma da ya tambaye ka, me ka ce masa?"

Na faɗa mata, a taƙaice. Na tsallake maganar ɗalibin aji ɗaya.

"Shi fa ba zai iya faɗa ba," ta ce. "Ni na faɗa har bakina ya gaji, amma wa ke ɗaukar yabon kaka? Ya jira ne mai takarda ya dawo, wanda ya san abin. Sai ga mai takardar." Ta nuna ni da sanda daga sama har ƙasa. "To yanzu macijin naka yana ina?"

Na ce yana tsaye, na dakatar da shi. Na ɗauki wayar. Akwai hanyoyi biyu ko uku da za a fita daga wasan, amma a lokacin ban amince da kowace ba, na ji tsoron in danna abin da zai taɓa lambar. Sai na ci gaba da wasan, na ɗauke yatsuna. Macijin ya tafi kai tsaye ya daki bango. Wayar ta yi ƙararta ta gyare. Na buɗe shafin babbar lamba, tana nan yadda take.

"Ya mutu?"

"Ya mutu."

"To a binne shi, a ba ni ruwa."

Na kashe wayar na naɗe ta. Abin da ya rage shi ne abin da zan faɗa wa Kawu, kuma wannan ya fi ba ni wahala fiye da wasan.

Mafi sauƙi in ce na kasa. Amma ban kasa ba, tsayawa na yi. Mai yiwuwa da na ci gaba da na wuce, mai yiwuwa kuma da na mutu a ɗigo na gaba, don a wannan matakin an fi mutuwa. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ban so in je in yi wa dattijo ƙarya a kan ɗansa, ko da ƙaryar za ta yi masa daɗi. Ina kuma zargin zai gane. Mutumin da ya yi shekaru yana sayen shanu ba ya rasa gane mai ƙawata magana.

Na buɗe littafin na sake karanta abin da na rubuta. Ban ga ƙarya a ciki ba. Hoton wasan ba komai ba ne idan aka ajiye shi kusa da na yanzu, sautin ma haka, kuma gaskiya ne babu labari. Abin da na gani shi ne layukan da na ja tun farko na wasannin wayata ne, na kawo su na ɗora wa wannan. Babu gidan da zan rubuta cewa mutumin da bai san harafi ɗaya na boko ba ya koyi wasan ba tare da kowa ya nuna masa ba. Babu inda zan rubuta cewa ana buga shi da hannu ɗaya, ko cewa batirin yana kai mako, a ƙauyen da babu wuta. Wasan tseren da nake taƙama da shi, da an ba Yaya a daji, da kafin azahar wayar ta mutu, shanu kuma suna cikin dawar wani. Kuma kafin wannan macijin, iyakar sanina, babu wani wasan kwamfuta da ya taɓa shiga Durun. Ba na cewa wannan ya mayar da shi wasan da ya fi na yanzu. Ina cewa ne kawai ma'aunin da na ɗauko bai auna waɗannan ba, kuma ba Kawu ne ya ce in ɗauko shi ba. Shi abu ɗaya ya tambaya, ko da wuya, kuma shi ne gidan da na bari babu komai.

Na gwada jimloli da yawa a baki. Kowace na fara sai ta fito da wutsiya: ko da yake, amma dai, ya danganta. Haka nake magana tun ina makaranta, malamai sun sha yi mini faɗa a kai. Na ga cewa idan na je wa Kawu da wutsiya, wutsiyar kawai zai ji.

Washegari Lahadi na tafi. Dawa ta fara ja a gonakin gefen hanya. Na same shi a gindin darbejiyar yana gyaran igiyar ɗaure maraƙi. Muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi mahaifina, da mahaifiyata, da gwiwar Kaka, da makaranta, da ɗalibai, na tambayi gida da shanu da amfanin gona. Ya sake tambayar gwiwar Kaka. Sai da gaisuwar ta ƙare gaba ɗaya na fito da ƙullin wayar na ajiye a gabansa.

Bai buɗe ba. Bai ma kalle shi ba. Ya ci gaba da murɗa igiya.

"Kawu," na ce, "na gwada. Kwana shida na yi, a zaune, a inuwa, har da hannu biyu. Ban kai lambar ba. Tana nan yadda take."

Duk wannan gaskiya ne, na duba kowace kalma a hanya. Igiyar ta tsaya a hannunsa.

"Wasan yana da wuya," na ce. "Wanda ya kai wannan lambar gwani ne."

Na ji sauran maganar tana tahowa, cewa ta wani fannin dai, kuma idan aka yi la'akari da zamanin. Na rufe bakina. Na kalli tururuwar da ke bin gefen tabarma har ta wuce.

Kawu ya ce, "To."

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ai makon bai cika ba. Idan kana so ka ƙara kwana biyu, ga ta nan."

Na san dole ne ya faɗi haka, kuma na san idan na miƙa hannu zai ba ni.

"A'a, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya ja ƙullin ya tura ƙarƙashin cinyarsa, ya koma kan igiyarsa. Muka zauna. Wani mai babur ya wuce da buhuna biyu ya ɗaga mana hannu, muka amsa. Na ɗauka maganar ta ƙare, har na fara neman yadda zan yi sallama.

"A shekarun nan dai," in ji Kawu, yana kallon wajen shanun, "ba a taɓa kawo mini ƙarar ɓarna ba. Ko sau ɗaya."

Bai ce shekarun wa ba, ni ma ban tambaya ba. Aka kira la'asar, ya ce in je in yi alwala, buta tana bayan ƙofa, zai biyo ni. Na tafi. Na ɗan jima a can fiye da yadda alwala take buƙata. Daga inda nake tsugune na ji ƙaramar ƙarar da wayar take yi idan an kunna ta.